Gidan kallon da ke nuna sukuwar dawaki a Mabera

Wannan gidan kallo na Mabera, nan Sakkwato, ƙwallo ya fi nunawa, amma da yammacin Asabar mai wurin yakan saka sukuwar Turawa, ta dogayen dawakin nan masu siraran ƙafafu. Allon babba ne, hoto tas, har kumfar bakin doki kana gani. Ya saka mana tsohon tseren da wani doki mai suna Secretariat ya yi a 1973 a Belmont, Amurka, inda ya ba na biyu ratar tsawon doki 31. Wani dattijo da ya daɗe yana kiwon dawaki ya ce don Allah a maimaita, aka maimaita.

Abin da ya burge ni, mai wurin bai ɓoye munin harkar ba. Ya nuna mana Eight Belles, goɗiyar da ta zo ta biyu a babban tseren Amurka mai suna Kentucky Derby na 2008, ta karye a ƙafafun gaba biyu bayan ta tsallake layi, aka kashe ta da allura a filin. Shekararta 3 kacal, ƙashi bai gama ƙwari ba.

Sai dai zafi! Fanka ɗaya ce, ga janareta a bakin ƙofa yana danne muryar mai sharhi. Ku zo da ruwan sanyinku, ku kama benci na gaba.