Shadow of War: yadda azzalumi ke auna abokin gaba da mabiyi

Wasan Middle-earth: Shadow of War, wanda kamfanin Monolith Productions ya ƙirƙira, Warner Bros. kuma ya fitar a watan Oktoban 2017, ya cancanci kuɗinsa saboda tsarin da ake kira Nemesis. A wannan tsari, kowane sarkin yaƙi cikin dodannin Mordor, ƙasar da labarin ke gudana, yana da suna da hali da lagonsa. Idan ya kashe Talion, jarumin da mai wasa ke sarrafawa, sai a ƙara masa girma, kuma ranar da suka sake gamuwa zai yi masa gori da abin da ya faru. Wanda aka ƙona ya tsira kuwa yakan dawo da tabo a fuska da ƙulli a zuciya.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne halin da wasan ke cusa wa mai wasa ba tare da ya ankara ba. Dodon da ya kayar da kai sau da yawa kana riƙe da sunansa, kana shirya masa, har kana ganin girmansa. Wanda ka mallake hankalinsa ya zama mabiyinka kuwa, sai ka tura shi ya mutu a bakin ganuwa ba ka ko waiwaya ba. Labarin Brûz, wani dodo da ya zama mabiyin Talion, ya fito da wannan fili: ya taya Talion cin sansani, aka hana shi sarautar wurin, ya yi tawaye, sai aka hukunta shi ta hanyar lalata masa hankali.

Haka Celebrimbor yake, fatalwar da ke zaune a jikin Talion. Sauron, babban mugun labarin, kaɗai yake ɗauka tsaransa, shi ne wanda ya isa a kwana ana tunaninsa, amma Talion da ya ba shi jikinsa da amanarsa, ranar da ya ƙi bin umarninsa na mallake hankalin Isildur, wani tsohon sarki da ya zama bawan Sauron, sai Celebrimbor ya yar da shi ya koma wa Eltariel, wata jaruma mai farautar bayin Sauron. A ganina nan ne marubutan suka fi nuna gwaninta, domin azzalumi yana girmama wanda zai iya cewa a'a daga nesa, yana kuma ƙyamar jin ta daga na kusa.

Wasan yana da aibi. Kashinsa na ƙarshe maimaicin tsaron sansani ne mai gajiyarwa, ko da yake an rage shi a Yulin 2018, lokacin da aka cire kasuwar sayen mabiya da kuɗi. An rufe Monolith a Fabrairun 2025, haƙƙin mallakar tsarin kuma yana hannun Warner Bros. tun 2021, saboda haka mai son ɗanɗana shi sai ya nemi wannan wasa ko magabacinsa, Shadow of Mordor na 2014.