Tayar LT Bayan Damina Biyu Ina Jan Tirela a Hanyoyin Sakkwato

Ranar da na haƙura da tayoyin da ke ƙarƙashin Hilux ɗina, ina durƙushe ne a gefen kwalta tsakanin Goronyo da Achida, ƙarfe uku na rana, a watan Afrilun 2024. Duk wanda ya san Sakkwato ya san Afrilu: zafi ya haura digiri 40, kwalta har maiƙo take yi. Albasa na ɗauko daga gona, wasu buhunan a bayan mota, saura a 'yar tirelar da nake ja. Sai na ji bayan motar ya fara lilo, tirela ta fizge ni dama ta fizge ni hagu, kafin in ankara sai "fam!" Tayar baya ta hagu ta dare daga gefe, wayoyinta sun fito kamar gemun masara. Allah ya tsare. Amma sai da ni da yarona muka sauke buhu takwas kafin jak ya yarda ya ɗaga motar, kuma a 'yan shekarun nan ba wanda ke son magariba ta riske shi a wannan hanya.

Washegari na kai gawar tayar wurin mai facina, wani dattijo da ya daɗe yana duba mini ƙafafun mota. Ya juya ta, ya goge ƙura da babban yatsa, ya tsaya a kan wata lamba, 112.

"Alhaji, wagga tayar yawon gari ta, kai ko ka maishe ta jaki. Ba ƙusa tak kashe ta ba, nauyi na da zahi."

Na ce, "To Baba, ai ita ma haƙoranta manya ne."

Ya yi dariya ya ce haƙora ba su ɗaukar kaya.

Gaskiyarsa. Ni duk tsawon shekarun nan zanen taya nake kallo. In ta yi kwarjini, haƙora cako-cako, sai in ce wannan ta daji ce. Ashe maganar tana cikin rubutun gefe. Lambar nan 112 tana nufin iyakar abin da tayar za ta ɗauka kilo 1,120 ne, shi ma sai tana da cikakkiyar iska, kuma tana da ƙuruciyarta. Nawa kuwa 'yan Beljiyam ne, sun ci zamaninsu a wata ƙasa kafin su zo hannuna. Ga kuma abin da ban taɓa lissafawa ba: bakin tirela yana danne ƙugiyar mota da wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirelar, ƙugiyar kuma tana can bayan tayoyin baya, saboda haka dannawar tana ƙaruwa kafin ta iso kansu. Taya mai laushin gefe in aka danne ta haka sai ta riƙa lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, wannan lanƙwasar ce ke haifar da zafi daga ciki, kwaltar Afrilu kuma ta ƙarasa aikin daga waje.

Abin da na saya shi ne taya mai rubutun LT265/65R17, irin da aka yi don kwalta da burji duka, wadda ake sa wa alamar A/T. Haruffan LT ɗin su ne alamar an gina ta don ƙananan motocin ɗaukar kaya. Tawa lambarta 120/117S, ajin E, wanda 'yan kasuwa ke kira mai fulai goma (yawan fulai shi ne ma'aunin ƙarfin ginin taya). Lamba 120 kilo 1,400 ke nan a kowace taya, harafin S kuma gudun da aka yarje mata, kilomita 180 a awa, wanda ba mai hankalin da zai kusance shi da tirela a baya. A kasuwa za ka ci karo da sunaye irin su BFGoodrich, Bridgestone Dueler, Yokohama Geolandar, Dunlop Grandtrek da Maxxis, ga kuma tarin 'yan China masu araha. Ba zan faɗi wadda na ɗauka ba, kada a ce an biya ni talla, kuma abin da zan faɗa ya fi shafar irin tayar fiye da sunan kamfani. Kuɗi dai na ji a jikina. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Ikeja a 2008, irin waɗannan tayoyi daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma dala yake bi. Biyar na saya har da safaya, don mota mai jan ƙafa huɗu ba ta son a haɗa mata tayoyi masu bambancin girma.

Kafin in biya sai da na duba ranar haihuwar kowacce. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. Nawa 4623 ne, wato mako na 46 na shekarar 2023. Mai shagon ya so ya cusa mini guda ɗaya da ta girmi sauran da shekara biyu, wai ai ba a taɓa ɗaura ta ba. Na ce a canza. Roba tana tsufa ko tana jingine a shago, balle shagon kwano a zafin garin nan, kuma jami'an kiyaye haɗurra ma wannan lambar suke dubawa in sun tare ka.

Tafiyar farko da tirela, ta hanyar Kware zuwa Gwadabawa, ita ta fara sanyaya mini zuciya kan kuɗin. A da in babbar mota ta wuce ni, iskarta sai ta kaɗa tirelar, bayan Hilux ya amsa, in riƙa gyara sitiyari ina salati. Yanzu motar tsaye take kamar an ɗaure ta. Gefen tayar ba ya ba da kai, saboda haka lilon ba ya samun inda zai fara. A kwana ma haka, ba ka jin bayan mota yana turo ka waje. Wannan shi ne babban abin da na saya, kuma na same shi.

Sai dai na yi wauta a makon farko, kuma nan ne nake ganin mutane da yawa ke ɓata tayarsu. Na bar yaron shago ya sa mini iska irin wadda aka saba sa wa tsofaffin, talatin da 'yan kai a ma'aunin iska na PSI. Da na dawo daga Illela na taɓa tayoyin baya, sai na ji zafinsu ya fi ƙarfin tafin hannu. Baba mai faci ya sa geji ya girgiza kai. Tayar LT tana bukatar iska fiye da tayar motar gida, wato wadda ba LT ba, kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, kuma kilo 1,400 ɗin nan da aka rubuta sai a iska 80 take cika shi. Ba wai ka ɗura mata 80 kullum ba, in ka yi haka haƙoranka za su zube a gargada. Ni inda na tsaya bayan gwaje-gwaje: mota ba kaya, 38 gaba da baya, in zan ja tirela da lodi, baya 50, gaba 42. Wannan na motata ne da irin lodina, kowa ya nemi nasa. Da safe nake aunawa, kafin mota ta motsa. In ka auna da rana bayan tafiya za ka ga iskar ta ƙaru da huɗu ko biyar, kada ka sace ta, haka ya kamata ta yi. Na sayi geji nawa na ajiye a mota, don na taɓa gwada na masu faci uku a rana ɗaya, kowanne da amsarsa.

A gona kuwa ba ni da ƙorafi. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da kututturen gero bayan girbi, waɗanda a da kusan kowane wata sai sun kai ni wurin faci, yanzu sai dai in zare su da filaya in jefar. Faci ɗaya na yi a damina biyu, shi ma wani guntun ƙarfe ne na taka a bakin Kasuwar Kara. A yashi tana tafiya, amma sai ka rage iska sosai fiye da yadda ka saba, domin taurin gefen yana hana ta baje ƙafa da wuri. Nakan sauko wajen 22, in sa giyar okzilari, wato mai jan ƙafa huɗu, in bi a hankali, da na hau kwalta kuma in mayar da iskar da ɗan famfon da ke aiki da batir, in cire okzilarin. Laka ce ba ta yi mata. Baƙar lakar fadamar Rima a watan Agusta tana cika tsakanin haƙoran ta mayar da tayar sumul kamar tulu. Na kafe sau ɗaya da injin ban-ruwa a tirela, sai shanun huɗa na maƙwabci ne suka fitar da ni, yara na ta shewa. Mai shiga laka kullum, ba A/T ce tayarsa ba.

Tana da haraji, kuma kullum ake biyansa. Ɗaga ta kawai ka ji nauyinta, injin ma yana ji. Tashin motar ya ɗan yi nauyi, shan mai ya ƙaru, ba mai yawa ba, amma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ba ƙarin da ake rainawa. In motar ba kaya, kowane rami sai ya iso ƙugunka. Uwargida ta ce in dai biki za mu je Tambuwal, gara mu ari motar ƙanena. Akwai gurnani kaɗan a kwalta in gudu ya kai 90, wanda ya ƙaru bayan ta fara cinyewa. A ruwan farko na damina kuma, lokacin da ƙura da maiƙo suka jiƙe a titi, na lura birki yana bukatar ƙarin fili, don haka nake ba na gabana tazara.

Wani abokina da ya ga lambar 1,400 sai ya ce to yanzu ai sai in ƙara buhu goma. A'a. Taya ba ta ƙara wa mota ƙarfin birki ko sifirin ko ƙugiya. Hilux da duk kayanta wajen tan uku aka yarje mata, kuma 'yar tirelata ƙirar maƙeran gida ce, ba ta da birkin kanta, duk tsayawar a kan motar take. Su ma tayoyin tirelar na canza su, don na gane ba amfanin ƙarfafa gaba a bar baya da suɗaɗɗu.

Yanzu sun yi wajen kilomita dubu 35. Ina juya su duk bayan dubu 10, har da safayar a cikin zagayen, na yi alaimen sau biyu saboda ramuka. Haƙoran sun ci ƙasa da rabi, gefe ba tsagewa, ba kumburi. Mai Hilux ko Prado da iyakarsa ofis da kai yara makaranta, ban ga dalilin da zai sa ya ɗora wa kansa wannan nauyi da tauri ba, tayar A/T ta gida ta ishe shi. Ni kaina in waɗannan suka ƙare LT zan sake saye, amma mai fulai takwas zan nema, mai lamba 116, kilo 1,250 a kowace taya. Biyun baya sun haura abin da bayan motar zai iya ɗauka a ƙa'ida, kuma ina sa ran ƙuguna zai ɗan huta. Na faɗa wa Baba haka, ya ce in na tashi in zo da shi shagon, shi zai karanta lambobin.