Na tsoma kyamarata a tekun Legas cikin jakar roba

Shekarata tara a Agege ina ɗaukar hoton biki da suna, amma ban taɓa yarda kyamara ta kusanci teku ba sai Disambar bara. Ni ɗan Kano ne, iyon da na iya a kududdufi na koya. Ƙanena ne ya ja ni. Ya ga bidiyon wasu a TikTok sun sa tabarau na roba da bututun numfashi a baki, sun kife a kan ruwa suna ɗaukar kifaye kala-kala, sai ya hana ni sakat: "Yaya, ga teku a bayan gida, ga ka da kyamara, me muke jira?"

Babbar kyamarar aiki dai ba a maganarta, da ita ake ɗora tukunya a gidana. Wata tsohuwar ƙarama na zaro daga durowa, na nufi kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Computer Village a Ikeja. Akwatin nan mai tauri da masu nutso ke amfani da shi, kowace kyamara da nata ake ƙera mata, kuma kuɗinsa ya fi na tsohuwar tawa. Don haka na koma kan jakar roba mai laushi. Robar na da kauri kamar ta rigar ruwa, a gaba akwai ɗan hanci mai gilashi inda idon kyamara ke shiga, bakinta kuma zif ne da ake matsewa da yatsa, a naɗe shi sau uku a manne. A jikin kwalin an rubuta IPX8, wato alamar ƙarfin jure ruwa, da mita 10. Mai shagon har rantsuwa ya yi min wai ko ƙasan teku na kai ta ba abin da zai same ta.

Kada wannan rubutun ya ruɗe ka. IPX7 yana da ma'ana tsayayya: abin zai jure zurfin mita 1 na minti 30. Shi kuwa IPX8 cewa kawai yake ya wuce mita 1, sauran zurfin kamfani ne ke faɗar abinsa. Saboda haka da na dawo gida ban sa kyamara ba. Tishu na cusa a ciki, na rufe, na danne jakar da dutse a ƙasan bokiti na bar ta awa guda. Uwargida na wucewa tana tambaya ko sabon magani na haɗa. Tishun ya fito a bushe ƙayau.

Ranar wata Asabar muka hau jirgin ruwa daga tashar CMS zuwa bakin tekun Tarkwa Bay, tunda can ba a zuwa sai ta ruwa. Tun a hanya jakar ta fara biyan kuɗinta. Duk sanda jirgin ya doki igiyar da wani babban jirgi ya bari, ruwan gishiri sai ya watso mana, kowa na cusa wayarsa a ƙarƙashin rigar ceto, ni kuwa ina ta ɗaukar manyan jiragen da ke shiga Apapa hankali kwance. Mun zaɓi Tarkwa ne don ganuwar duwatsun da ke kare mashigar jiragen ta rage ƙarfin igiya, ba kamar bakin tekun Lekki ba inda ruwa ke fizgar ƙato kamar kara.

Da na sa tabarau na kifa kai, sai murna ta koma ciki. Ina kifaye kala-kala? Tafin hannuna nake gani, in na miƙa shi sosai yatsun su fara ɓacewa. Ta wannan mashigar ruwan tafkin Legas ke fita teku da laka da duk abin da ya kwaso, igiya kuma tana ta tayar da yashi. Hotunan suka fito kamar an dama kunun kanwa. Na ce bari in kunna filasha, abin ya ƙara lalacewa, domin hasken ƙwayoyin yashin da ke gaban gilashi ya haska, tamkar fitilar mota cikin hazon hunturu a hanyar Zariya. Wannan ba laifin jaka ba ne, kuma da akwatin miliyan na zo da shi haka zan gani. Amma ya kamata wanda zai saya don ya kwaikwayi bidiyon TikTok ya sani tun kafin ya zaro kuɗi.

Ita ma jakar tana da nata halin, kuma iska ce babbar rigimarta. In ka bar iska da yawa a ciki, ta zama balam-balam, kana danna ta ƙasa tana turo ka sama. In ka matse iskar duka, da ka ɗan nutsa robar sai ta manne wa kyamara. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara nauyi daidai da na duk iskar da ke kanmu a doron ƙasa, to ni ban kai ko mita 2 ba na ji maɓallan sun yi tauri, wani ma ruwa ne ke danna min shi. Sai da na gwada sau uku kafin na gane ɗan abin da ya kamata a bari, kamar cikin tafin hannu. Ƙananan maɓallan saiti kuwa ka manta da su. Ka gyara komai a tudu, a ruwa maɓallin ɗauka kaɗai za ka samu. Sannan kyamarar tana zamewa a ciki, idonta ya kauce daga tsakiyar hancin, sai ka ga baƙin gefe ya ci kusurwar hoto. Da guntun soso na toshe bayanta, na kuma ɗan zuƙo kaɗan, ya daina.

Abin da ya fi ƙona min rai gumi ne. A bakin ruwa na rufe jakar da tsakar rana, na kulle iskar Legas mai laima a ciki. Rana ta dafa ta, ruwa ya sanyaya gilashin, nan take ya yi hazo ta ciki inda hannu ba ya kaiwa. Sai na fito, na wanke hannu da ruwan leda, na goge, na sake rufewa, yashi na neman shiga zif. A zuwa na biyu na rufe ta tun a ɗaki, na jefa ƙunshi biyu na ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Hazon bai dawo ba.

Ƙanena ya sayi irin ta waya mai igiyar ratayawa. Shi nasa darasin daban: fuskar waya ba ta jin yatsa a cikin ruwa, sai ya koma ɗauka da maɓallin ƙarar murya. Zanen yatsa ma ba ya buɗe ta ta bayan roba. Da ya bar ta a rana kan tabarma, wayar ta yi zafi har ta rufe kyamara da kanta. Ya so ya cire ledar wai ai wayarsa IP68 ce, mai jure ruwa, na ce masa da ruwan daɗi ake wannan gwajin, gishiri kuwa ramin caji yake fara ci.

Cikin hotuna sama da 100 na ranar farko, shida na ajiye, kuma duka a saman ruwa na ɗauke su: yaran Tarkwa a kan allunan hawan igiya, ina tsaye ruwa iya ƙirji, abin da ba zan taɓa yi da kyamara tsirara ba. Hoton cikin ruwa na kirki sai a wurin ninkaya na wani otal a Ikeja na same shi, inda ruwa yake garau. Ɗiyata ta nutsa ta buɗe ido, kumatu cike da iska, kitsonta na tashi sama. Shi ne a bangon falo yanzu. Da damina ta kankama a watan Yuni kuma, na yi wani ɗaurin aure a Mile 12 ana tsuga ruwa, da wannan tsohuwar kyamarar cikin jakarta na ɗauki fitowar ango.

Don haka ga mai zuwa bakin teku da iyali, ko mai hawa jirgin ruwa zuwa aiki daga Ikorodu, ko mai ɗaukar yara a wurin ninkaya, na ce ya saya. Mai son nutso da gaske, ko mai tunanin sa kyamarar da yake cin abinci da ita, ya tara kuɗin akwati.

Duk dawowa ina wanke jakar da ruwan famfo, in shanya a inuwa, ban kuma taɓa fita da ita ba sai na yi gwajin bokiti. A watan Agusta na lura layin naɗin ya fara fari. Na sa tishu kamar kullum, bayan awa guda gefensa ya fito a jiƙe, ɗigo ɗaya kamar girman ƙwayar gero. Wata takwas ke nan ta yi. Yanzu rasit ɗin kwastomomi nake zubawa a ciki, sabuwar da na sayo kuma tana ƙasan bokiti da dutse a kanta.