Audugar maza bayan tiyatar furostet: wata 7 ina amfani da ita

Ranar da aka cire mini robar fitsari, kwana 10 bayan tiyata, ina miƙewa daga gado sai na ji ɗumi yana bin cinyata. Likita ya riga ya yi mini bayani cewa idan aka cire furostet, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, tsokar da ke tsuke bakin mafitsara takan taɓu, sai ta ƙasa ta rage ita kaɗai da aikin riƙo. Duk da haka, ranar hankalina ya tashi ƙwarai.

Makonni 3 na farko famfas ɗin manya na sa. Yana riƙewa, amma ga kauri ga zafi, ko ƙofar gida ba na son leƙawa. Daga nan na koma audugar maza, kuma da ita na sake shiga mutane.

Ba irin ta mata ba ce. Samanta faɗi ne, ƙasanta a tsuke, ta ɗan lanƙwasa kamar tafin hannu, bayanta da gam da ake mannawa a jikin kamfai. A cikinta akwai wani sinadari da ke shanye fitsari ya daskarar da shi. Na yi tari, na yi atishawa, na sunkuya na ɗauki jikata, na sa hannu na taɓa, samanta a bushe. Wari ma babu, sai idan ta wuce awa 5 ko 6 a jiki.

Kuskuren da na fara yi shi ne manna ta a gajeren wando mai walawa. Ta goce gefe, na jiƙe. Sai da kamfai mai kama jiki take zama daram. Ta dare kuwa ba ta gamsar da ni ba, in na kwanta ta gefe takan yi yoyo ta baki, dole na riƙa shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado. Gumi ya taɓa saɓe mini fata, man shafawa mai sinadarin zink ne ya magance.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali dabarar da likitar fisiyo, wato ta gashi da motsa jiki, ta koya mini: in auna audugar a ƙaramin sikeli kafin in sa da bayan na cire, duk giram 1 da ya ƙaru daidai yake da mililita 1 na fitsari. A watan farko da na fara sa ta ina zubar da kusan mililita 300 a yini, auduga 5. Na dage da atisayen Kegel, wato matse tsokar da ake riƙe tusa da ita, sau 3 kullum. Yanzu 15 zuwa 20 nake gani, siririya guda ta ishe ni. Likita ya ce in an cika shekara abin bai tsaya ba, akwai tiyatar sa maƙulli na roba da ke riƙe fitsari, amma bai ga alamar zan buƙata ba.

Abin da har yanzu ke damuna shi ne yawancin banɗakin maza babu kwandon shara. Kullum akwai auduga guda da baƙar leda a aljihuna.