Zaɓen Kayan Tseren Keke Mai Nisa Cikin Sanyi: Abin da Za a Saya da Abin da Za a Haƙura da Shi

A ƙasar Nowe akwai wani tseren keke da ake kira Styrkeprøven, wato gwajin ƙarfi, wanda aka fara a shekarar 1967. Ana tashi daga birnin Trondheim a sauka a Oslo, tafiyar fiye da kilomita 500 a jere, ba tare da an raba ta kwana-kwana ba. A watan Yuni ake yin sa, lokacin da mutanen can suke ɗauka a matsayin lokacin zafi, amma hanyar tana hawa tsaunin Dovrefjell har ta haura mita 1,000 a wajen Hjerkinn kafin ta gangara zuwa Dombås, kuma a can sama ba abin mamaki ba ne mahayi ya gamu da ruwan sama da iska mai ratsa ƙashi. Da wannan tsere zan auna kayan da zan kwatanta, domin kayan da suka tsare mutum a Dovrefjell za su tsare shi a tseren Vätternrundan na ƙasar Suwidin, inda ake zagaya tafkin Vättern daga garin Motala, kilomita 315, kuma da yawa daga cikin mahaya da dare suke tashi.

Bahaushen da ke zaune a Turai, ko wanda zai taso daga gida domin irin wannan tsere, ya kamata ya cire zaton cewa ya san sanyi don ya sha hunturu a Jos ko a Damagaram. Sanyin hunturu busasshe ne, yana fasa leɓe ya kawo kaushi, amma rigar sanyi ɗaya mai kauri tana maganinsa. Na tsaunukan Turai jiƙaƙƙe ne, kuma ruwa yana janye ɗumin jiki kusan ninki 25 a kan yadda iska take yi. Ban da haka, duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, saboda haka wanda ya bar Trondheim da ke bakin teku ma'auni yana nuna digiri 11, ya sa ran samun digiri 4 ko 5 a saman tsauni. Idan kuma ya gangaro da gudun kilomita 40 a awa cikin digiri 5, fatarsa za ta ji kamar an sauka ƙasa da sifili, tun ma ba a kai ga maganar jiƙewa ba. Wajen hawa mahayi yana yin zufa, wajen gangara kuma zufar nan ce take daskarar da shi, kuma a kan wannan matsala ya kamata kowane sisin da za a kashe ya tafi.

An ga haka ƙarara a tseren Giro d'Italia na ƙasar Italiya ranar 5 ga Yuni 1988, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe mashigar Gavia, hanyar da ke ratsa saman tsauni a tsayin fiye da mita 2,600. Johan van der Velde ɗan ƙasar Holan shi ne ya fara kai wa ƙololuwa, sanye da riga mai gajeren hannu, amma sanyin gangara ya karya shi har ya iso garin Bormio, inda zangon ranar ya ƙare, an ba shi ratar fiye da minti 40. Ƙungiyar 7-Eleven kuwa ta riga ta shiga shagunan masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ta sayo wa 'yan tserenta safar hannu da huluna, kuma ɗan wasanta Andy Hampsten a ranar ya karɓi jagorancin tseren da daga baya ya lashe.

Rigar ciki, wadda take taɓa fata, ita ce farkon saye, kuma zaɓin bai wuce biyu ba, wato ta ulun tumakin merino ko ta zaren roba irin su foliyesta. Auduga ba ta cikin lissafi ko kaɗan, domin tana shan zufa ta riƙe ta a jikin fata. Ta roba ta fi arha, ta fi saurin bushewa, ta fi daɗewa, amma da zarar mahayi ya tsaya sai ya ji ta yi sanyi, kuma tana saurin wari. Ulun merino yana iya shan danshi kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin a ji ya jiƙe, yana kuma riƙe ɗumi ko da ya yi danshi, sai dai yana da tsada, yana jinkirin bushewa, kuma wanki ba da kula ba yana lalata shi. Mai neman gama tseren awa biyar da ƙarfinsa duka ya ɗauki ta roba. Wanda zai kwana a kan sirdi, yana tsayawa wuraren cin abinci yana sake tashi da sanyin asuba, merino ko wadda aka gauraya merino da roba ta fi dacewa da shi, kuma zai yi kyau ya ɗauki ta biyu a ƙulle cikin leda domin canzawa a tsakiyar hanya.

Rigar sama ita ce inda kuɗi ya fi tafiya, nan ne kuma masu saye suka fi yin kuskure. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen riga ɗaya mai kauri mai ɗumi sosai, wadda a cikin shago take sa mutum ya ji ya gama da sanyi. A kan keke irin wannan riga tana dafa mai ita wajen hawa, ba ta kuma naɗuwa ta shiga aljihu idan rana ta fito a kwarin Gudbrandsdalen da hanyar take bi bayan Dombås, sai ta zama kaya. Shawarata a bar ta ga masu yawon keke a tsakiyar watan Janairu.

Ragowar zaɓin guda uku ne, kuma kowanne da aikinsa. Akwai rigar ruwa ta gaske, mai shimfiɗa ta musamman a ciki irin ta Gore-Tex, wadda take hana ruwa shiga amma take barin tururin zufa ya fita, kuma an liƙe duk ɗinkinta da tef ta ciki. Kamfanoni sukan rubuta ƙarfin tare ruwanta da milimita, kuma 10,000 ya isa yayyafi da ruwa na ɗan lokaci, amma mai shirin shan ruwa na awa da awanni ya nemi wadda ta kai 20,000. Akwai kuma riga mai laushi mai kama jiki, wadda ba ta hana ruwa gaba ɗaya amma take tare iska ta riƙe ɗumi ko da ta jiƙe. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Gabba ta kamfanin Castelli, wadda ta yi tashe bayan tseren Milan zuwa San Remo na watan Maris 2013, ranar da dusar ƙanƙara ta sa aka kwashe 'yan tsere a motocin bas aka tsallake mashigar Turchino da su, kuma Gerald Ciolek na ƙungiyar MTN-Qhubeka ta Afirka ta Kudu ya yi nasara. A ranar an ga 'yan ƙungiyoyin da ba su da alaƙa da kamfanin sanye da ita sun ɓoye tambarinta. Ta ukun ita ce falmaran mai tare iska, marar hannu, wadda ba ta da nauyi kuma ta fi duka arha.

Sai dai mai saye ya lura da bambancin da ke tsakaninsa da ƙwararren ɗan tsere. Ƙwararre yana tafiyar awa shida ko bakwai ne jikinsa na aiki kamar murhu, motar ƙungiya na biye da shi da busassun kaya. Mahayin Styrkeprøven na matsakaicin ƙarfi zai yi yini da dare a hanya, ƙarfinsa yana raguwa, ɗumin da jikinsa yake samarwa ma yana raguwa, kuma riga mai laushi idan ruwa ya daɗe a kanta sai ya ratsa. Saboda haka idan kuɗi ba zai kai ga biyu ba, rigar ruwa ta gaske tare da falmaran sun fi riga mai laushi ita kaɗai amfani, ita kuwa mai laushin a ɗauke ta a matsayin ƙari ga wanda aljihunsa ya yi nauyi. Wajen gwada rigar ruwa kada a tsaya a miƙe gaban madubi, a sunkuya a miƙa hannuwa kamar an riƙe kan keke, a duba ko hannun rigar ya kai wuyan hannu, ko bayanta ya rufe mazaunai, ko za a iya jan zif ɗinta da safar hannu, ko kuma za ta naɗu ta shiga aljihun baya. Baƙar riga tana da kyan gani, amma da tsakar dare a kan hanyar da motoci ke bi, mai launi mai haske da layin da ke ƙyalli ta fi aminci.

Maganar wando gajeriya ce. Dogon wando mai gashi a ciki ya fi ɗumi, amma ba a cire shi a hanya, shi kuwa gajeren wando da aka haɗa da safar da ke rufe ƙafa daga cinya zuwa idon sawu ana iya rage shi idan gari ya yi ɗumi, kuma wannan ya fi dacewa da tseren watan Yuni. Masu horarwa da yawa suna cewa a rufe gwiwa idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 15. Kowanne aka zaɓa, soson da ke wajen zama ya zama wanda jiki ya riga ya saba da shi.

Hannu da ƙafa su ne suke fara mutuwa, kuma hannun da ya mutu ba ya jan birki. A tseren Liège zuwa Bastogne da komowa na ƙasar Beljiyam, a watan Afrilu 1980, mutum 174 suka tashi cikin dusar ƙanƙara, 21 kacal suka ƙarasa, kuma Bernard Hinault na Faransa, wanda ya yi nasara da ratar fiye da minti tara, ya fito da yatsun da sanyi ya yi wa illar da ta bi shi shekaru. Safar hannu ta robar niyofirin, irin wadda masu nutso cikin teku suke sawa, ita ce ta ranar ruwa, domin tana barin hannu ya jiƙe amma ta riƙe ɗumin ruwan da ya shiga. Aibinta shi ne hannu yana yin zufa a cikinta ranar da babu ruwa, idan kuma an cire ta a wurin hutu, mayar da ita a jiƙe azaba ce. Safa mai tare iska mai gashi a ciki ta fi daɗi a busasshen sanyi, amma idan ta sha ruwa ta gama aiki. Wadda ake haɗa yatsu biyu-biyu ta fi duka ɗumi, sai dai tana wahalar da canza giya, kuma ta yi wa watan Yuni yawa. Tun da safar hannu ba ta da nauyi, abin da ya fi shi ne a sayi iri biyu na farko a tafi da su duka, kuma kada su matse, domin matsi yana hana jini gudu. Siririyar safar roba irin ta ma'aikatan asibiti, idan an sa ta a ciki, tana ceto a ranar da komai ya jiƙe, kuɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba.

A ƙafa ana zaɓa ne tsakanin takalmin sanyi na musamman da rigar takalmi da ake sawa a kan takalmin tsere. Takalmin sanyi yana da tsada da nauyi, bai kuma cancanci saye don tsere ɗaya ba. Rigar takalmi ta niyofirin da safar merino marar kauri sosai sun wadatar, muddin an toshe ramukan iska da ke ƙarƙashin takalmin da tef, an kuma saukar da ƙafar wando a kan bakin rigar takalmin, domin yawancin ruwan da ke cika takalmi ta sama yake gangarowa. A kai kuma, siririyar hula mai rufe kunne da za ta shiga ƙarƙashin hular kwano da ƙyallen wuya sun isa.

Shi kansa keken ba ya buƙatar canji mai yawa. Birkin faifai ya fi kamawa a cikin ruwa, amma wannan bai isa dalilin sayen sabon keke ba, wanda yake da birkin da ke kama gefen wili na alminiyam ya sa sabbin robobin birki kawai. Taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32 da aka ɗan rage wa iska ta fi siririya riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta. Taya marar tib, mai ruwan da ke toshe ƙaramin huji da kansa, tana rage yawan tsayawa faci, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin cire taya da daskararrun yatsu ya san darajar hakan, amma duk da haka a tafi da tib na ajiya da famfo. Batirin fitila yana saurin ƙarewa cikin sanyi, saboda haka kada a dogara da awannin da aka rubuta a kwali, a sayi fitilar baya guda biyu. Ɗan abin tare ruwa da ake maƙalawa a bayan sirdi yana hana wando jiƙewa da feshin taya, kuma yana cikin mafi arhar kayan da aka ambata.

Sanyi yana kashe jin ƙishirwa, yana kuma sandarar da wasu alewoyin ƙara ƙarfi har su gagari haƙori, don haka a gwada su bayan sun kwana a firji, a kuma haɗa da dabino mai laushi. Abin da ake so a ci shi ne giram 60 zuwa 90 na abinci mai sitaci da sukari a kowace awa, domin jikin da ya ji yunwa ba ya samar da ɗumi.

Idan kuɗi ya yi kaɗan, ana iya sayen falmaran, rigar tsere da safar cinya a gwanjo ba tare da fargaba ba. Rigar ruwa kuwa a saye ta sabuwa, domin tef ɗin ɗinkin tsohuwa yakan ɓare ba a gani ba, haka ma hular kwano da wando mai soso. A ƙara da bargon gaggawa mai kama da takardar alminiyam, wanda yake naɗuwa ya yi girman tafin hannu, domin idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, rawar ɗari ta tsananta, harshe ya fara nauyi, tunani ya fara rikicewa, abin da ya rage shi ne a sauka daga keke, a lulluɓa, a kira masu shirya tseren. A gama duk sayayya aƙalla wata biyu kafin ranar tashi, a kuma zaɓi daren da ake ruwa a hau keke da kayan gaba ɗaya na awa biyar ko shida, domin a san wanda yake yoyo tun akwai lokacin mayar da shi shago.