Kwas ɗin falsafar Sin ta intanet: abin da na samu da inda ya gaza

Kwanan nan na kammala wani kwas na intanet kan tunanin masanan ƙasar Sin na zamanin da, wanda wata jami'ar ƙasar waje ke gudanarwa da Turanci. Kallon darussan kyauta ne, mai son takardar shaida ne kaɗai zai biya. Tun farko bari in faɗi ra'ayina: karatu ne na gaske, domin malamin ba ya barin ka da labarin littafi, sai ya sa ka ka karanta matanin da kanka. Wannan kaɗai ya bambanta shi da tarin bidiyoyin da ke yawo, inda ake tsinto jimla guda a liƙa wa Konfushiyas a wuce.

Tsarin ba shi da wuya. Gajeren bidiyo, sai guntun matani da za ka karanta, sai tambayoyi. An faro daga Konfushiyas, wanda ya rayu daga shekara ta 551 zuwa 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka tsaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da daular Qin ta haɗe ƙasar. Malamin ya yi ta nanata cewa waɗannan mutane ba a cikin kwanciyar hankali suka yi tunaninsu ba. Masarautu ne ke cin juna da yaƙi, don haka tambayar kowa ɗaya ce: ta yaya ake gyara ƙasar da ta lalace? Konfushiyas ya ce ta tarbiyya da kiyaye ladubban magabata. Mozi ya ce a kula da kowa ba fifiko, a daina ɓarnar dukiya wajen jana'iza. Han Feizi kuwa bai yarda da kirkin kowa ba, doka da lada da horo kawai ya sani.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne saɓanin Mengzi da Xunzi, dukansu mabiya Konfushiyas. Mengzi ya kawo misalin mutumin da ya hango ƙaramin yaro zai faɗa rijiya. Nan take gabansa zai faɗi, ba don yana neman shiga wurin iyayen yaron ba, ba kuma don maƙwabta su yabe shi ba. Daga nan ya kafa hujja cewa tsiron alheri yana cikin kowa, raino kawai yake bukata. Xunzi ya ƙi. A wurinsa ɗan Adam kamar karkataccen itace ne, sai an turara shi an matse a jikin katako kafin ya miƙe, kuma malami da ladabi su ne matsewar. Malamin bai zaɓa mana gwani ba. Ya ajiye matanonin biyu gefe da gefe, ya ce kowa ya rubuta inda hujjar kowannensu ta yi rauni. Na daɗe ban ga aikin gida da ya hana ni sukuni haka ba, musamman da yake ina da yara a gabana.

Abu na biyu da ya burge ni shi ne yadda aka nuna cewa su kansu littattafan suna da tarihi. Littafin zantukan Konfushiyas mai babi 20 ba shi ya rubuta ba, almajiransa da almajiran almajiransa ne suka tattara. Littafin Daodejing, wanda ake jingina wa wani masani mai suna Laozi, yau babi 81 ne a kashi biyu, amma a 1973 an tono kwafe biyu rubuce a kan siliki a wani kabari da ke Mawangdui, lardin Hunan, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin Annabi Isa. A cikinsu, kashin da muka sani a matsayin na biyu shi ne a gaba. A 1993 kuma aka samu wasu sassan littafin a kan tsagin gora a Guodian, lardin Hubei, waɗanda suka girmi na silikin. An nuna hotunan goran kusa da kusa, siraran sanduna da baƙaƙen rubutu daga sama zuwa ƙasa. Bayan ka ga wannan, ba za ka ƙara ɗaukar kowane bugu a matsayin maganar ƙarshe ba.

A darasin rufewa an taɓo Zhu Xi (1130 zuwa 1200), wanda ya haɗa Littattafai Huɗu, wato manyan matanonin mabiya Konfushiyas, ya yi musu sharhi. Sharhin nasa ya zama ginshiƙin jarrabawar shiga aikin gwamnati daga 1313 har aka soke ta a 1905. Duk wanda ya yi karatun zaure zai gane wannan tsari: a haddace matani, sannan a bi shi jimla jimla da sharhin malami.

To, ga inda kwas ɗin ya gaza. Bidiyon yana cin data ba kaɗan ba, kuma babu zaɓin saurare kawai. Rubutun da ke bin magana a ƙasan allo na'ura ce ta yi shi, tana dagula sunayen Sinawa har ka rasa wa ake nufi. Yawancin matanonin fassarar James Legge ce ta ƙarni na 19, saboda kowa na iya samunta kyauta, amma Turancinta tsoho ne mai nauyi, dole ka ajiye ƙamus kusa. Biyan kuɗin takardar shaida da dala ne, katina na naira kuma ya ƙi wucewa, na haƙura da ita.

Babban ƙorafina dai ba waɗannan ba ne. Da aka zo bayanin yadda wannan ilimi ya yaɗu, an ambaci Koriya da Japan da Biyetnam, an ambaci Matteo Ricci, limamin Kirista ɗan Italiya da ya zauna a Sin, da sauran limaman Kirista, amma ko kalma ɗaya ba a ce ba kan malaman Musulmin Sin. Alhali Wang Daiyu a ƙarni na 17, da Liu Zhi na birnin Nanjing bayansa, sun ƙware a littattafan Konfushiyas, suka rubuta bayanin tauhidi da shari'a cikin Sinanci da kalmomin wannan ilimi. Rubuce-rubucen nan ana kiran su Han Kitab. Ɗalibi Musulmi yana da haƙƙin ya san cewa an riga shi bin wannan hanya, kuma waɗanda suka bi ta ba su saki addininsu ba.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da abokai suka fi yi mini: shin ba a cusa wa mutum wata aƙida? Ban ga haka ba. Bautar kakanni da hadayar da ake musu an yi bayaninsu a matsayin tarihi, ba wanda ya ce ka yi. Ina ba ɗaliban tarihi da siyasa da malaman makaranta shawarar su gwada, muddin Turancinsu ya kai su karanta tsohon rubutu. A sauke darussan lokacin da data ke araha, kuma a karanta matanin kafin a kunna bidiyo, domin malamin yana magana ne da wanda ya riga ya karanta.