Haɗa wutar USB biyu a allo ɗaya: diyod, MOSFET ko IC mai zaɓen hanya?

Allon lantarki da ke da ramin USB biyu, ɗaya na kwamfuta ɗaya na caja, ko ba jima ko ba daɗe wani zai jona su duka a lokaci guda. Idan layukan VBUS ɗin, wato layukan da ke kawo wutar bolt 5 a USB, a haɗe suke kai tsaye, to an samu matsala, domin babu caja biyu da ke ba da bolt 5 cif-cif. Ƙa'idar USB 2.0 ta asali ta yarda da ko'ina tsakanin 4.75 da 5.25, sai ka tarar ɗaya tana ba da 5.2, ɗayar 4.9. Kamar tankunan ruwa biyu ne da aka haɗa da bututu, wanda ya fi cika shi zai riƙa ɗura wa ɗan'uwansa. Abin ya fi muni idan kwamfutar a kashe take: caja za ta tura wuta cikin ramin, ka ga fitila na ci ko fanka na motsi, wani lokacin kwamfutar ta ƙi tashi, wani lokacin ramin ya ƙone. Ƙa'idar USB ta hana na'ura mayar da wuta ta VBUS baki ɗaya.

Kafin ka sayi komai, ka tsai da abin da kake nema. Ko dai kana son duk wadda aka jona ta yi aiki, ko kana son ɗaya ta zama ta gaba ɗayar ta jiran ko-ta-kwana, ko kuma kana son haɗa ƙarfinsu don ka samu amfa (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) mai yawa. Mafi yawan kuɗin da ake zubarwa a banza a nan yake tafiya, mutum ya sayi kayan buƙata ta farko alhali ta uku yake so.

Diyod abu ne da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Mafi sauƙi shi ne diyod nau'in Schottky guda biyu, kowane rami da nasa, a haɗe su ta gefen da ke da zanen zobe. 1N5817 na ɗaukar amfa 1, SS34 na ɗaukar amfa 3. Haka ƙaramin allon nan Raspberry Pi Pico ya yi: akwai Schottky tsakanin VBUS da VSYS, layin da ke ciyar da allon, takardar bayanansa kuma ta ce ka ƙara wani idan za ka kawo wuta ta biyu. Kada ka ɗauko diyod na gama-gari irin 1N4007 don yana kusa, zai cinye maka bolt 0.7 ko fiye. Shi ma Schottky yana cin nasa rabon, kimanin 0.3 zuwa 0.5 gwargwadon lodi, wato yawan wutar da ake ja. Idan bayansa akwai regileta mai sauko da wuta zuwa 3.3, kuma lodin bai wuce rabin amfa ba, babu abin damuwa, sayi diyod ka wuce. Amma ka lissafa a amfa 2: bolt 0.45 sau 2 ya ba da wat 0.9 na zafi a cikin ɗan abin da bai kai farcen yatsa ba. Kuma idan caja ta ba da 4.9, kebul ya ci 0.2, diyod ya ci 0.45, abin da ya isa ga lodi 4.25 ne. Duk abin da ke buƙatar bolt 5 na gaske zai fara kashe kansa yana kunnawa.

Akwai wani hali na Schottky da ba a cika faɗa ba: yana yoyo ta baya, yoyon kuma ƙaruwa yake idan ya yi zafi. Jona rami ɗaya, ka ɗora mita a kan ɗayan da ba a jona ba, kana iya ganin bolt 2 ko 3 suna yawo. Wutar ba ta da ƙarfin kunna komai, sai dai cajar USB-C ba ta sakin wuta sai ta ga VBUS ya yi ƙasa da bolt 0.8, don haka tana iya ƙin kunnuwa kana ta zargin kebul. Rezisto mai kamar kilo-om 10 daga VBUS zuwa GND (layin sifili) a kowane rami yakan kashe wannan magana.

Daga nan mutane kan koma MOSFET, wato makunnin lantarki, nau'in P, irin su AO3401, tun da kusan ba ya rage boltej. A nan ake yawan yin kuskure. Da'irar da aka fi yaɗawa, wadda ake ɗaure ƙafar get ɗinsa (ƙafar da ke kunna shi da kashe shi) da GND, kariya ce daga juya baturi baibai. Da zarar MOSFET ya kunnu, wuta na bi ta cikinsa gaba da baya, babu ruwansa. Sai an samu abin da zai kashe shi a daidai lokaci. Dabarar da takardar Pico ta nuna ita ce a ɗaure get ɗin da VBUS na ramin farko: idan an jona shi MOSFET ya mutu, idan an cire ya kunnu ya ba wa hanya ta biyu dama. Tana aiki, amma hanyar farko tana nan da diyod ɗinta da asararsa. Arduino Uno ma da MOSFET yake yanke wutar USB, sai dai ya ɗora masa kwamfareta, mai kwatanta boltej, da ke lura da VIN, ƙafar shigar wutar waje. In za ka kai ga haɗa duk wannan da hannu, gara ka sayi IC, wato da'ira haɗaɗɗiya a ɗan gida ɗaya, da aka yi don aikin.

Irin waɗannan IC su ne ake kira diyod mara asara: MOSFET da mai gadinsa a gida ɗaya. LM66100 na Texas Instruments hanya ɗaya ce mai amfa 1.5, sai ka sayi biyu. LM66200 na da hanya biyu a ciki, amfa 2.5, turjiyarsa ga wuta miliom 40. A amfa 2 abin da zai rage bai wuce milibolt 80 ba, zafin kuma wat 0.16, ka gwada da 0.9 na ɗazu. Idan lodinka ya fi haka, LTC4412 na Analog Devices na sarrafa MOSFET na waje, kai za ka zaɓi girmansa. A ganina, ga allo mai cin amfa 1 zuwa 2 a bolt 5, LM66200 ne zaɓin da ya fi hankali.

Sai dai shi ma wadda ta fi boltej yake bi, ba wadda kake so ba. Idan kwamfuta na ba da 5.1, caja 5.0, daga kwamfuta zai ja, alhali ramin USB 2.0 miliamfa 500 aka yi masa alkawari, na 3.0 kuma 900. Wanda ke son caja ta zama ta gaba a kullum, TPS2116 zai nema, yana da ƙafar da ake faɗa masa wace ce ta farko. Ka lura, LM66100, LM66200 da TPS2116 duk iyakarsu bolt 5.5. Idan wani raminka zai nemi bolt 9, 15 ko 20 ta USB PD, tsarin USB-C na neman boltej mai yawa, sai TPS2121, mai ɗaukar har bolt 22 da amfa 4.5, wanda kuma ana saita masa iyakar amfa da saurin tashin wuta. Saita saurin tashin wutar yana da amfani, domin ƙa'ida ba ta so na'ura ta nuna wa VBUS kafasita fiye da mikrofarad 10 a lokacin jonawa.

Buƙata ta uku kuwa, ta haɗa ƙarfinsu, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke biya. Caja biyu masu amfa 1 ba za su ba ka amfa 2 ta diyod ba; wadda ta fi boltej za ta ɗauki kusan dukan nauyin har ta gaji. Kebul mai kai biyu da ake haɗawa da tsofaffin faifan ajiya na waje (hard disk) ma ba ya hana komawar wuta, USB-IF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar USB, kuma ba ta yarda da shi ba. Akwai LTC4370 mai raba lodi daidai, da MOSFET biyu da rezistocin auna amfa, amma ga aikin USB wahalarsa ta fi ribarsa. Caja ɗaya ta USB-C mai amfa 3 ta fi.

In ramukan USB-C ne, kowace ƙafar CC, wadda caja ke gane an jona na'ura da ita, tana buƙatar rezistonta na kilo-om 5.1 zuwa GND, wato guda biyu a kowane rami. Raspberry Pi 4 na farko, na 2019, ya haɗa CC1 da CC2 a rezisto ɗaya, sai wasu caja da kebul masu ɗan IC a ciki suka ƙi ba shi wuta. GND na ramukan biyu a haɗe yake zama, layukan D+ da D- masu ɗaukar bayanai kuwa ba a haɗa su.

Mai sayen ƙaramin allo haɗaɗɗe ya karanta lambar da ke jikin IC ɗin ya nemo takardarsa, kada ya tsaya ga abin da mai sayarwa ya rubuta, domin wasu an yi su ne don sola da baturin bolt 12. Kafin ka jona kwamfuta, ba wa rami ɗaya wuta daga caja, ka sa rezisto mai kilo-om 1 a ɗayan ka auna. Ya kamata mita ta nuna kusan sifili. Sai ka sauya ramukan ka sake aunawa.